Fashin Sallar Baturiya Mai Daddawa

Ku da kuke cefane a kasuwar Ƙafin Maiyaki kun san ta, ko ba ku san sunanta ba: farar dattijuwar nan mai daddawa, da ke zama kusa da masu nono, da jiƙaƙƙen tsumma a wuya ko da sanyi ko da zafi. To ita ce Yaya Baturiya. Katanga ɗaya ce tsakanin gidanmu da nasu, saboda haka abin da zan ba ku ba a bakin rijiya na tsinto shi ba.

A Badafi aka haife ta. Sunanta na yanka Mubaraka, amma kakarta ta dubi farinta ta ce wannan ai baturiya aka kawo mana, shi ke nan suna ya bi ta. Aka aurar da ita ga Malam Uba, manomin masara da dawa, mutum mai sanyin hali, wanda ban taɓa jin muryarsa ta ƙetaro katanga ba. Sai dai gidan na kulle ne tun kakanni. In ba biki ko ta'aziyya ko awon ciki ba, ƙafarta ba ta wuce zaure. Kasuwa kuwa ga ta nan bayan gidansu. Ranar da take ci, Baturiya na tsugune tana wanke kalwa tana jin cinikin awaki. Ta san muryar mai gwanjo, ta san ta mai maganin basir da lasifikarsa, amma ba ta san fuskar ko ɗaya ba. Daddawarta ce ke zuwa kasuwa a kan 'ya'yanta mata, har suka yi aure ɗaya bayan ɗaya, tiren talla ya rasa mai ɗauka.

Da ta doshi hamsin, al'ada ta fara yi mata wasa, ta zo ta ɓace, har ta ɗauke gaba ɗaya. Aka yi azumi ta kai shi cur babu ramuwa, na gaba ma haka. A irin gidajenmu ba a faɗin wannan da baki, amma kowa ya san abin da yake nufi: macen da ta daina fashin salla ta zama uwa, ba a yi mata kulle. Malam Uba da kansa ya tsaya bakin ɗakinta wata safiya ya ce, "Ke, tunda yaran nan sun watse, ki riƙa kai kayanki da kanki mana. Wa zai kalle ki yanzu?"

Ba da mugunta ya faɗa ba, wallahi. Ita ma ba ta ɗauke shi da zafi ba. Ta ɗauki mayafi ta fita.

Da yamma na leƙa ta katanga na ce, "Yaya, yaya kika ga kasuwar?"

Ta ce, "Ƙarama ce. Na ɗauka ta fi haka."

Iyakar abin da ta ce ke nan, bayan shekara da shekaru tana saurarenta.

Don a lokacin jikin ya riga ya juya mata. Tana zaune sai zafi ya taso daga ƙirji ya haye fuska, gumi ya tsiyayo har ya jiƙa zani. Barci ya ƙaurace mata, gwiwoyi suka ɗauki ciwo. Akwai kuma abin da ta rasa sunansa. Ta ce mini, "Kin san in kin daɗe zaune a kan ƙafa, ki mintsine ta ba ki ji ba? Haka nan cikina yake." Aka miƙa mata jika sabuwar haihuwa, ta karɓa ta ce yana da nauyi, ta mayar. Ƙaninta ya rasu a Badafi, ta zauna cikin masu kuka tana tunanin ko kalwar da ta rufe ta nuna. Wasu suka ce hawan jini ne, wasu shawara, wasu suka rage murya suka ce iska. Ta sha rubutu, ta sha saiwoyi. Duk abin da aka miƙo sai ta shanye ta miƙa ƙwarya.

Amma ranar kasuwa ba ta wuce ta. Na ce da ita, "Tunda ba daɗinta kike ji ba, me kike zuwa yi?"

Ta ce, "A gida kowa fuskata yake kallo, yana jiran in yi wani abu da ita. A can babu mai jiran komai sai daddawa."

Maƙwabciyarta a kasuwa Zubaida ce, Bafillatana mai nono daga rugar bayan gari, mai bakin tsiya. Da ta gan ta sharkaf da gumi sai ta ce, "Kaɗo, yau ma a kanki kaɗai hadarin ya sauka? Matso nan in tara, shanunmu na jin ƙishi." Masu nono su yi ta dariya. Baturiya ta dube su, ta ci gaba da jera daddawa.

Autarta Fa'iza, da ke aure a Kano, ita ta gaji. Ta zo ta ɗauke ta zuwa wani asibiti a can, wurin likita mace. Likitar ta auna jininta, ta duba ƙirjinta da mararta, ta yi ta tambaya har kan cututtukan dangi. Sannan ta ce mata ba iska ba ce, ba kuma sammu ba. Akwai wani sinadari da jikin mace ke yi tun tana budurwa, shi ne ya ja baya, kuma akwai ƙwayar da ke mayar da kaɗan daga cikinsa. Ba kowa ake ba ba, amma ita babu abin da ya hana. Ta ƙara da cewa a watannin farko za ta iya ganin ɗan jini, kada ta tsorata, yakan tsaya da kansa. In ya yi yawa ko ya ƙi tsayawa ta dawo.

Jama'a, magani ya karɓe ta. Barci ya dawo. Tsumman wuya ya bushe a kan igiya. Wata ranar kasuwa Zubaida ta kwaikwayi tafiyar mai maganin basir, sai ga Baturiya ta tuntsire da dariya har tire ya karkace. Zubaida ta dafe ƙirji ta ce, "Ashe Kaɗon nan tana da haƙora!" Wata rana kuma ina tsakar gida na ji taɓarya ta tsaya, kuka ya biyo baya. Na leƙa a guje. Ƙaninta take yi wa kuka, wanda aka binne tun kafin damina.

Sai jinin ya zo, kamar yadda aka faɗa. Ɗan kaɗan ne, amma mace ce da ta saba tun tana yarinya: in ta gani, sai ta ajiye salla. Butarta ta yini a gindin randa ba a taɓa ba. Malam Uba ya shigo da azahar ya gan ta zaune, ya shigo da la'asar ya gan ta zaune. Washegari sai ga shi da tsire a takarda, da turmin atamfa, da kwalbar turare, yana murmushi kamar sabon ango.

Ya ce, "Ashe da sauranki, kika bar ni ina sakin ki cikin maza?"

Ta ce, "Malam, ƙwayar nan ce ta asibiti. Likita ta faɗa tun farko."

"Ƙwaya ba ta kawo abin da babu," in ji shi. "Ki ɗan dakata da fitar nan tukuna. Wa ya sani ko akwai sauran rabo?"

Baturiya ta sa aka kira Fa'iza a waya don ta yi masa bayani. Fa'iza ta ce a ba ta shi, yanzu za ta warware komai. Aka miƙa masa waya. Ta gaishe shi, ta tambayi gona, ta tambayi ko an samu taki, ta sake gaishe shi. Wace 'ya ce za ta buɗe baki ta yi wa ubanta zancen jinin uwarta? Ta yi sallama ta kashe.

Haka Baturiya ta koma cikin gida, da lafiyarta garau. Abin da ya fi ci mata rai, yanzu tana jin komai. Ta ce mini, "Duk zamana a gidan nan katangar nan ba ta taɓa yi mini ciwo ba sai yanzu." Ranar kasuwa ta ji muryar mai gwanjo, ta san gajere ne mai wushirya. Ta ji masu nono sun kwashe da dariya, ta san wa ya jawo ta.

Zubaida ta biyo da ƙwaryarta rannan, ta zauna a tabarma ta ce, "Ke ma da wauta. In lokacin salla ya yi ki shige ɗaki ki rufe, ki fito kina shafa fuska. Wa zai sani?"

"Wanda ake yi wa sallar fa?"

"To zauna nan ki haifa masa tagwaye. Wata 'yar Kiru ta riga ta fara ajiye tirenta a wurinki."

Fa'iza kuwa kullum tana waya: "Inna, don Allah ki daure. Likita ta ce zai tsaya."

Baturiya ta ce, "In ya tsaya babanki zai ce ciki ne. In cikin bai fito ba ya ce kwanciya ya yi, a jira shi. Ni na san mijina. Lokacin da yake ganina jiƙe da gumi ai bai kawo mini turare ba."

Bayan kwana kaɗan ta miƙo mini kwalin maganin ta kan katanga, a ƙulle cikin leda. Ta ce in Fa'iza ta zo in ba ta. Na ce ta bari a koma wurin likita tukuna, ƙila akwai wata dabara. Ta ce, "Likita ba ita ke riƙe da zaure ba."

Ba a daɗe ba jinin ya ɗauke, zafin ya dawo, barci ya sake tafiya. Ta riƙa shimfiɗa dardumarta a tsakar gida, inda duk mai shigowa zai gani, salla biyar ba fashi. Dariyar ta janye a hankali, yadda ruwa ke janyewa a fadama. Malam Uba ya yi ta kallo. Murmushin angon ya ragu, tsire ya daina zuwa. Da kaka ta yi, wata safiyar kasuwa, ya tsaya yana gyara takalmi, bai dube ta ba ya ce, "Daddawar nan in ta ƙara kwana za ta lalace."

Ta koma kasuwa. 'Yar Kiru ta matsa mata kaɗan, suka raba inuwar. Fa'iza ta yi fushi, ta yi kuka, har yau maganin na cikin akwatinta, ta ce ko Inna za ta sake shawara. Zubaida na nan tana tsiyarta, masu nono na dariya, Baturiya na jera daddawa.

Kwanan baya muka dawo tare daga kasuwar, ina riƙe mata tire. Na kasa haƙuri na ce, "Yaya, tsakaninki da Allah, ba ki yi da-na-sani ba?"

Muka ci gaba da tafiya har bakin zaurensu. Sannan ta karɓi tirenta ta ce, "Da ina shan maganin da na iya gaya miki. Yanzu ban sani ba."