Yayana da Zoɓon Inna

Shekarar da aka dawo da shari'a a jiharmu, kowa a unguwarmu ya ɗauka yayana zai dawo Daura ya zama alƙali. Lauya ya karanta a Zariya, ga kuma karatun zaure daidai gwargwado. Sai ya karɓi aiki a ma'aikatar ciniki ta tarayya, a sashen da ke kula da yarjejeniyar kasuwanci tsakanin ƙasashe. Baba, wanda ya tsufa yana dillancin shanu a kasuwar Mai'aduwa, bai ji daɗi ba. Ya ce, "Wato dillanci ka je jami'a ka koyo? Ai da ka zauna gida na koya maka."

Yaya ya yi dariya ya ce, "Kusan haka ne, Baba, sai dai nawa a takarda ake yin sa."

Ni a lokacin ina koyarwa a wata firamare a Zango. Iyakar abin da na sani game da aikinsa shi ne yawan tafiya, da ramar da yake dawowa da ita.

Innarmu kuwa zoɓo take shukawa a gonar da ta gada a garin Babban Mutum, can wajen Baure. Duk kaka 'yan kasuwa kan zo daga Kano da motoci su kwashe na matan garin. Wata shekara sai shiru. Buhuna suka cika ɗaki har rufi. Daga baya muka ji cewa wata ƙasar ƙetare mai sayen zoɓonmu ta hana shigar da shi, saboda an ga ƙwari a wani kaya da aka kai.

Ana cikin haka Yaya ya iso ranar Talata, ba hutu ba salla. Ya cire takalmi ya zauna a tabarmar tsakar gida ya ce, "Inna, yau ke ce malamata. Ki nuna mini yadda kike yi da zoɓo, daga gona har buhu."

Ta ɗauka wasa yake yi, sai da ta ga ya buɗe littafi. Ta nuna masa yadda ake ɓare shi, da yadda take shanya shi a kan tabarma, ba a ƙasa ba. Ta sa ya damƙi busasshe a hannu ya ji ƙas-ƙas ɗinsa. Ta ce ita ba ta taɓa ajiye shi kusa da hatsi ba, don daga hatsi ƙwari ke tsallakowa. Kwana uku yana bin ƙauyukan Baure a bayan babur yana irin waɗannan tambayoyi.

Na ce masa, "Yaya, me ya haɗa lauya da shanya?"

Ya ce, "Dokar da ƙasashe suka sa wa hannu ta yarda kowa ya kare gidansa daga ƙwari, amma sai da hujja, kuma daidai girman matsalar. Ba a kulle kasuwa duka saboda rumfa ɗaya. Mu ma dole mu nuna yadda za mu tsabtace kayanmu. Ni kuwa ba zan tsaya gaban mutane in kare abin da ban gani da idona ba."

Maganar ta ci kusan shekara biyu. A tsakani Allah ya yi wa Baba rasuwa. Zoɓon Inna ya koɗe a ɗaki, wani ta sayar da shi a wulaƙance, wani ta rabar. Maƙwabta har zolayarta suke yi, wai ina labarin lauyan zoɓo. Ita dai ba ta fasa shuka ba.

A ƙarshe aka daidaita cewa za a riƙa duba kowane kaya a yi masa feshi kafin a ɗora shi a jirgin ruwa, a ba shi takardar shaida. Motocin Kano suka dawo. A rediyo sunayen manya aka ambata, na Yaya bai fito ba. Na yi masa ƙorafi a waya, ya ce ai dama aikin gwamnati haka yake. Amma ni ranar da na ga mota ta farko a bakin kasuwa, mata na ta jan buhuna suna guɗa, sai da na share hawaye da gefen hijabina.

Bayan wata uku ya aiko da wani ɗan littafi da ofishinsu ya buga da Hausa don manoma. Na zauna ina karanta wa Inna. Da na kai babin shanya sai ta ɗaga hannu.

"Tsaya. Wannan ai maganata ce."

"Taki ce, Inna."

Ta yi murmushi, ta sa na maimaita mata. Can sai ta haɗa gira ta ce, "Amma bai rubuta a juya shi da hantsi ba. Na fa gaya masa. Kira mini shi."

Na kira. Yana tsakiyar taro ya fito, ya saurari faɗanta har ta gama, ya ce, "Na yi kuskure, Inna, a yi haƙuri." A bugu na biyu aka gyara.