Shan Hantsi a Gindin Katangar Goggo

Ni dai sanyi bai taɓa zuwa mini da alheri ba. Da an gama girbi an kai dammunan gero rumbu, kowa na murna, ni kuwa sai wani abu ya zo ya zauna mini a ƙirji. Ba zazzaɓi, ba ciwon kai. Barci ne ba iyaka, da kukan da in ka tambaye ni dalilinsa sai in ƙara wani. Tuwo ya daina ɗanɗano. Ko ɗaurin ɗankwali sai na yi ta shawara da zuciyata.

Shekarar da abin ya fi tsanani, maigidana ya tafi cin rani Kudu, ya kai ni gidanmu a Gummi, ni da 'yata ta fari, wadda ba a daɗe da sa ta makarantar allo ba. Matan unguwa suka ce kewar miji ce. Allah ya ba su haƙuri, ko shekarun da yake gida yana cika mini kunne da rediyo haka nake yi.

Inna ta dube ni sama da ƙasa ta yanke hukunci. "Sanyi na ya shige ki. Tun kina ƙarama ba ki da jini."

A wurin Inna maganin sanyi zafi ne, kuma ba ta yin abu rabi-rabi. Ta toshe tagar ɗakina da tsumma, ta rataya bargo a ƙofa, ta ajiye mini kaskon garwashi, ta dinga ɗura mini kunun kanwa mai citta. "Kak ki hito sai rana ta yi tsaka," in ji ta. Ban taɓa bin umarni da daɗin rai kamar wannan ba. Na kwanta cikin duhu, ba hasken da nake gani sai na tocilar waya, kullum ina ƙara nutsewa, ita kuma tana ƙara garwashi.

'Yata ta koyi wuce ƙofata da sanɗa. Inna ke yi mata wanka, ta shafa mata man kaɗanya a fason ƙafa, ta yi mata kitso. Wata rana na jiyo Inna a tsakar gida tana magana da Goggo, yayar babanmu, wadda ke zaune a sashen da ke jikin namu.

"In mijinta ya dawo, ɗiyag ga nan za ta zamna wurina. Uwad da ba ta iya ma kanta, ina ta iya da ɗiya?"

Mu a wajenmu ɗan fari ba na uwa ba ne a gaban mutane. Ba ki kiran sunansa, ba ki nuna kin damu da shi, in kakarsa ta ce tana so kuwa, sai ki sunkuyar da kai. Na san Inna don ƙauna ta faɗa. Amma na ji tsoro irin wanda ban taɓa ji ba, kuma duk da tsoron na kasa tashi daga gadon.

Gara ce ta tashe ni. Ta daɗe tana cin azarar ɗakin ba wanda ya sani, sai da ƙasa ta fara zubo mini cikin kunu. Baba ya kira magini, tunda dama lokacin sanyi ake gini, aka yaye rufin. Da dare in raɓa a ɗakin Inna, da safe kuwa Goggo ta ƙi yarda in koma kwance. Ta ja ni gindin katangarta mai kallon gabas, inda tsofaffin unguwa ke shan hantsi suna ɓarar gyaɗar iri. Ta turo mini ƙwarya.

"Zamna nan. Hannunki dai lahiya lau yake."

Kwanakin farko ina ɓara ina hawaye, ba wadda ta ce mini ci kanki. Suna can suna gardamar wace ce ta fi iya daddawa a zamaninsu. Rana na dukan bayana, yatsuna na aiki. Ba zan ce na warke dare ɗaya ba. Amma wata safiya na ji yunwa tun kafin a sauke koko, wata safiyar kuma na kama kaina ina dariyar wata tsohuwa marar haƙora da ke cin gyaɗa fiye da wadda take zubawa a ƙwarya. Maginin nan malalaci ne, yau ya zo gobe ya ce ƙasa ba ta jiƙu ba, har yau ina sa masa albarka.

Goggo ce ta raka ni asibiti daga baya. Ma'aikaciyar ta ce ciwon damuwa ne, akwai masu yin sa in sanyi ya shigo, ta ce in riƙe fita rana da tafiya da zama cikin mutane, in ya ƙi sauƙi in dawo. Har yanzu yana zuwa mini duk shekara. Sai dai ya tarar da ni a waje da ƙwarya a cinya.

Wata safiya a waccan shekarar, ana saura kaɗan maigidana ya dawo, Inna ta tsefe wa 'yata kai ta tafi duba tukunya. Yarinyar ta zo ta tsaya nesa da mu, gashi a tsaye, tana kallona kamar baƙuwa. Na buɗe baki na kira ta da sunanta, da ƙarfi. Tsofaffi suka daina ɓara. Ta taho a hankali ta zauna tsakanin gwiwoyina, na fara tsaga da tsinken tsintsiya.

Inna ta fito da mataji a hannu, ta tsaya cak.

"Ke! Ɗiyah hwarin? Ba ki da kunya?"

"Ban da ita, Inna," na ce, kaina a ƙasa. "Da ni za ta koma."

Ta matso kusa da mu. Sannan ta miƙo mini matajin da gwangwanin man kaɗanya.

"To gyara tsagag ga, kin karkata ta. In kin tahi da ita, wa za shi gyara miki?"