Ƙarfen da ke ƙugun Yaya Rifkatu

Shekara tara ke nan da muka binne Yaya Rifkatu, yayata uwa ɗaya uba ɗaya, kuma har yau in na tuna ta, haushi ne ke riga kuka zuwa.

Ita ce mai ba da waƙa a zumuntar mata ta cocinmu a Unguwar Boro. Da ƙashin ƙugunta ya lalace, aka fita da ita ƙasar waje aka sa mata na ƙarfe. Ranar godiya ta yar da sanda a gaban jama'a, ta taka rawa, ta ba da shaida cewa Ubangiji ya warkar da ita sarai. Mata suka yi ta guɗa, har da ni.

To, wannan shaidar ce ta ɗaure mata baki. Bayan 'yan shekaru ƙugun ya dawo da ciwo, har ƙara yake yi in ta miƙe. Na ce mu koma asibiti. Ta ce, "Ke Talatu, rufa mini asiri. Da wane baki zan ce aikin Allah ya warware?"

Sai kunne ya fara toshewa. Mai ba da waƙa fa! Tana gabas, masu amshi suna yamma. Daga nan sai haki, sai kumburin ƙafa. An ɗura mata maganin taifot har ta gaji, don komai za ta faɗa wa likita ban da ƙugun. Can a ƙarshe wani likita ya ga tabon aikin, ya sa aka auna jini. Ashe ƙarafa biyu ne a ƙugun, gugar juna suke yi, garinsu yana narkewa cikin jininta, har ya taɓa kunne da zuciya. Ya ce cirewa ce magani, amma zuciyar ba za ta ɗauki wani aikin ba.

Yanzu na ji an rage sa wa mutane irin wannan ƙarfen. Ban san me Yaya za ta ce ba. Wataƙila ta ce mun gode Allah, ta ja bakinta.

Waƙoƙinta suna nan, ana rera su. Halinta na ɓoye ciwo ma bai bar cocinmu ba. Kwanan baya na ga wata dattijuwa daga Gonin Gora, wadda aka yi wa irin wannan aikin ƙugun tun da daɗewa, tana ɗingishi bayan sujada. Na riƙe hannunta na ce, "Mama, don Allah ki je a auna miki jini."

Ta zare hannunta ta ce, "Kada ki yi mini baki. Ni na riga na ba da shaida."

Ina tsaye ina kallo ta sa hannu biyu ta ɗaga ƙafar, ta shiga keke.