Shekarar da Mma Ta Daina Tuƙa Tuwo

A makaranta ɗaya iyayena suka yi aiki, can Nyanshegu. Baba malamin lissafi ne, Mma kuma tana cikin matan da ke dafa wa ɗalibai abinci. Ita ba ta taɓa zama a aji ba. Tun ina ƙarama nake ganinta tana tuƙa tuwo da muciyar da ta kusa kai tsawonta. Itace da ruwa duk a kanta suke isa madafa.

Cikin shekara guda ciwo ya kama su duka biyun. Baba ciwon suga ya taɓa masa ido har ya daina ganin allo. Likitoci suka duba shi, aka yi masa ritaya, fansho ya fara shigowa. Mma kuwa, wata safiya ta sunkuya za ta sauke tukunya, bayanta ya riƙe, ta kasa miƙewa. A keke mai ƙafa uku aka kawo ta gidanmu na Changli, tana cije da bakin mayafi.

Da ta ɗan samu sauƙi, na raka ta ofishin makarantar. Matar da muka tarar 'yar kudu ce. Ta ba Mma kujera, ta yi mata bayani da Hausarta ta kasuwa.

"Mma, kai ba ma'aikacin dindindin ba ne. Fansho babu."

"To duk shekarun nan wa nake wa aiki?" in ji Mma.

Matar ta sunkuyar da kai. Ta ce ita ma gwiwa ce ta hana ta tsayuwa a aji, shi ya sa aka dawo da ita tebur. Har bakin titi ta rako mu tana ɗingishi.

Da Baba ya ji, sai ya juyo wajen Mma. Ya ce, "Maman yara, ni alli kawai na ɗauka, ke kika ɗauki itace. Amma ni aka tuna."

"Bar shi, Malam. Naka ai namu ne."

Haka ta faɗa, amma ba ta ƙara bin hanyar makarantar ba.

Yanzu koko take sayarwa a ƙofar gida, a zaune. Baba ne ke fito mata da bokitin, tana ce masa, "Yi hagu, Malam, akwai kwata." Ranar Juma'a tsofaffin abokan aikinta sukan leƙo su sha koko. Ɗaya daga cikinsu ita ma baya ya fara damunta, sai ta dafa bango kafin ta zauna.