Ba Kowane Kumburi Ne Maruru Ba

Ban taɓa mantawa da ranar da labarin rasuwar Yaya Rabi ya same ni ba. Talata ce, bayan azahar, ina jera kayan tiyata a asibitin dabbobin da nake aiki a unguwar Ulaya, can ƙasar Larabawa. Ƙanwarmu Zulai ce ta kira daga Maraɗi. Ta ce har an kai ta.

Shekara biyu kafin nan Yaya ta gaya mini a waya cewa wani abu ya fito mata a ƙirji. Na ce maruru ne, ta riƙa gasa shi da ruwan ɗumi har ya nuna ya fashe. Haka muka saba a gida. Ashe ƙari ne. Ba ta sake ɗago maganar ba sai da ya ci ƙarfinta.

Aikina mataimaki ne. Ni nake auna dabba, in riƙe ta, in lura da numfashinta idan an sa ta barci. A ranar akwai tiyatar hamsta, wato ɗan ɓeran nan marar dogon wutsiya da ake kiwo a keji. Farkon zuwana na yi mamaki, domin a garinmu tarko ake ɗana wa irinsa. Wata dattijuwa Balarabiya, Ummu Fahad, ita ta kawo shi da kumburi a gefen ciki kamar ƙwayar wake. Sunansa Lauz.

Dakta Halima, 'yar Zariya, ta dubi fuskata ta tambaye ni. Na faɗa mata.

"Allah ya jiƙanta. Malam Sani, tafi gida, a ɗage aikin."

"Dakta, in na koma ɗaki me zan yi? Bari in tsaya."

"Hannunka zai tsaya?"

"In sha Allahu."

Ƙaramar dabba irin wannan sanyi da maganin barci ke kashe ta, ba wuƙa ba. Na auna shi, na sa shi a ɗan akwatin da ake sakin iskar barci, sannan na kwantar da shi a kan shimfiɗa mai ɗumi. Dakta ta aske wurin ta yanka. Ni kuwa idona na kan ƙirjinsa. Ana tsakiyar aiki numfashin ya fara ja baya.

"Dakta, yana nisa."

"Rage iskar."

Na rage, na ɗan murza masa ƙirji da yatsa ɗaya. Na ji bakina yana salati ban sani ba. Can sai ƙirjin ya ɗaga, ya sake ɗagawa. Dakta ta cire kumburin ɗungurungum, ta ɗinke ta ciki don kada ya ciji zaren, ta sa abin a kwalba a kai gwaji.

Da ya farka, Ummu Fahad ta leƙa kejin tana yi masa faɗa da Larabci, wai ya tsorata ta, marar kunya. Na tambaye ta yaushe ta ga kumburin. Ta ce kwana shida ke nan, kuma tana jin ta makara.

Na tambayi Dakta ko maruru ne. Ta ce, "Ni da na yanka ma ban sani ba. Ido ba ya raba su, sai gwaji."

Lauz ya warke. Abin da aikin nan ya koya mini shi ne a daina sa wa kumburi suna kafin a duba shi, kuma a zo da wuri. Yanzu duk wanda ya ce mini maruru, ko direba ne a masallaci, sai na ce ya je asibiti. Mutum biyu sun je.

Zulai ma ta ce tana jin wani abu a hammata. Ta yi mini alkawari za ta je ranar Litinin, mijinta ya ce zai kai ta. Ba ta je ba tukuna.