Jiƙon Baffa da Hantar Yayana

Ko zan manta da komai a duniya, ban da makon da idon Yayana ya koma ruwan ɗorawa. Tela ne a Ƙofar Wambai. Gab da sallah ɗinki ya yi masa yawa, ya dinga afa farasitamol kamar gyaɗa don ciwon baya ya bar shi ya taka keke. Sai amai, sai kasala, sai ido ya canja.

Lokacin ina ajin ƙarshe a jami'a, kuma bincikena a kan hanta yake. Hanta tana da nata dakarun, wasu ƙwayoyin garkuwar jiki da ke zaune a cikinta. In guba ta ji mata rauni, sai su soma fitar da wasu furotin na kiran agaji. In aka yi sake kiran ya yi yawa, kumburi ya bi sauran naman ya cinye. Na sha ganin haka a hantar ɓerayen da muke gwaji da su, don haka na ce a tashi a tafi asibiti.

Sai ga Baffa, ƙanin marigayi mahaifinmu, mutumin da bai taɓa jin cutar da bai san maganinta ba. Ya gyara zama a soro.

"Ke, shawara ce. Tun kaka da kakanni, mai shawara ba a yi masa allura. Karatun ɓerayenki ki bar shi can makaranta."

Shi ke nan, magana ta ƙare. Gidanmu na Dala ya koma kasuwar jiƙo, duk mai dubiya da jarkarsa, wannan saiwa, wancan sassaƙe, kowa likita. Hantar da ke neman hutu aka yi ta ɗura mata ruwan ɗaci. Umma tana kuka a ɗaki, tana tsoron a ce ta tsallake maganar dangin miji.

Ranar da Yaya ya kasa gane 'yarsa, muka faki idon Baffa ni da matar Yayan, muka saka shi a adaidaita. Likita ya duba sakamakon jini, ya ɗago ya kalle mu.

"Me ya sa sai yanzu? Akwai maganin da ke karya wannan gubar, amma da wuri ake ba da shi."

Yaya bai ga Juma'a ba.

A zaman makoki, ina daga bayan ƙofar soro na jiyo Baffa yana yi wa maza bayani, ko kunya babu.

"Ai na faɗa musu. Yaro ya fara samun sauƙi, suka ɗauke shi aka tsira masa allura."

Su kuma suna ta gyaɗa kai suna Allah ya kyauta. Har gobe yana ba da labarin, kuma har gobe ana zuwa wurinsa karɓar jiƙo.

Ajali na Allah ne, ban musa ba. Amma tun daga ranar na gane furfura ba ilimi ba ce, kuma kunyar babba ba ta kai ran mutum ba. Yanzu in nawa ya kwanta, sai mun isa asibiti nake sanar da dangi.