Abin Kunnen da Ba Ya Yi Mini Ƙarya

Ya ƙwace mini aiki, kuma ya sa aka yi mini dariya gaban mutane. Abin da ya yi mini ke nan, ba zan kewaya ba. Benci ɗaya muka zauna da shi a lakwal, wato makarantar boko, ta Konni. Ni na fita a aji huɗu don babana ya ce gona ta fi, shi ya ƙare, ya tafi Yamai, ya dawo da takarda da wando mai guga, aka ba shi tebur a wani buro, wato ofis. Tun daga nan mutane ke ce masa Mushe, yadda ake kiran ma'aikaci da Faransanci. Ni ma haka zan kira shi a nan, don sunansa bai kai in ɓata tawada a kansa ba.

Gyaran rediyo nake yi a wata 'yar rumfa kusa da tasha. Ba wanda ya koya mini a allo. Na yi ta buɗe rediyon mutane ina ɓatawa har na iya. Da kasat ta fara shigowa daga Najeriya, na samu wata tsohuwar na'ura mai ɗaukar magana, na haɗa mata ɗan akwati da hannuna cikin gwangwanin biskit. Mikoro biyu, wato makirufo, ke shiga cikinsa, da maɓalli biyu da ake murɗawa, ɗaya na murya, ɗaya na ganga. Abin da nake saurare da shi lokacin ɗauka kuwa ɗan farin abin nan ne kamar ƙwayar gujiya, wanda ke zuwa da ƙaramar rediyo, a cusa shi kunne ɗaya.

Akwai wani tsoho mawaƙin noma daga wajen Tajaye, wanda in ya tsaya bakin gona ranar gayya yakan jero sunayen manoma da na iyayensu da ƙauyukansu, har mai kasala ya ji kunya ya duƙa. Wani Alhaji mai kanti a kasuwarmu ya ce zai sa a ɗauki waƙarsa a kasat, a sayar wa direbobi da 'yan ci-rani. Ni ya kira. Na kwana biyu ina goge kayana.

Ranar ɗaukar, da hantsi muka taru a zauren Alhaji. Tsohon ya zauna, makaɗa biyu da gangunansu, 'yan amshi uku, ga 'yan kallo har ƙofa. Ina cikin ɗaura waya sai ga Mushe, da na'ura sabuwa fil a hammata, da wani baƙin abin sauraro a wuya, mai kofi biyu manya da fata a baki, irin wanda ake ɗorawa a ka ya rufe kunnuwa duka. Ko sallama bai gama ba ya miƙo hannu ya fizge ɗan farin abina daga kunnena, ya ɗaga shi ta waya kamar ya kama ɓera ta wutsiya.

“Alhaji, da wanga za a ɗauki waƙa? Na zaci dattin kunne yake cirewa.”

Zaure ya ɗauki dariya. Har babban makaɗin ya yi, na gan shi. Mushe ya ce wannan aiki na waɗanda suka yi karatu ne. Ya sa Alhaji ya tuɓe hula, ya ɗora masa baƙin abin, ya ce makaɗa su buga. Alhaji ya zaro ido.

“Subahanallahi! Gangar cikin kaina take!”

Shi ke nan magana ta ƙare. Alhaji bai ko dube ni ba ya ce, “Ka yi haƙuri, wata rana.” Na naɗe wayoyina gaban kowa, na ɗauki gwangwanin biskit ɗina na fita.

Kwana biyu ban buɗe rumfa ba. A na uku matata ta aje mini fura ta ce, “In a kan kunne ɗaya aka yi maka dariya, ai biyu Allah Ya ba ka. Tashi ka nemo na biyun.” Na harare ta, amma ranar kasuwa na hau keke na tsallaka iyaka zuwa Najeriya.

Wani Basakkwace ke sayar da kayan rediyo can, kuma abin sauraro iri uku na samu wurinsa. Na je da na'urata da wata kasat da na taɓa ɗaukar tsohon nan da ita a gona. Na san kasat ɗin kamar hanyar gidanmu. Akwai wani wuri da tsohon ke sauke murya yana kiran manoma biyu daidai lokacin da ganga ke tashi. A ƙaramar rediyon rumfata, sunayen biyun nan ɓacewa suke yi, kome kasa kunnenka. Wurin nan na je gwadawa.

Ya fara miƙo mini mai tsadar, ɗan'uwan na Mushe. Na ɗora. Wallahi da daɗi. Hayaniyar kasuwa ta ɗauke, ganga ta yi zaƙi, sunayen biyun suka fito sarai kamar tsohon na raɗa mini su.

“Ka ji ko?” in ji Basakkwacen.

“Na ji. Shi ya sa ba ni so.”

Ya dube ni kamar mai taɓin hankali. Ban yi masa bayani ba, amma a raina na riga na gane. Abin nan yana jiyar da ni abin da direba ba zai taɓa ji cikin motarsa ba. In na ɗauki waƙa da shi, zan ce kome ya yi daidai alhali bai yi ba.

Na biyun ja ne, mai walƙiya. Shi ganga kawai ya sani, dum dum, ya haɗiye tsohon gaba ɗaya, ya fi rediyona muni. Ga matse kai, kafin waƙa ta ƙare zufa ta cika mini kunnuwa. Na tuɓe.

Na ukun a ƙasan kwali ya tono shi, toka-toka, marar nauyi, soson bakinsa siriri. Na ɗora. Ba daɗi, ba ɗaci. Da muka zo wurin nan, sunayen biyun suka ɓace, daidai yadda suke ɓacewa a rumfata. Na maida kasat baya na sake ji. Suka sake ɓacewa. Na juya shi na ga ana iya kwance kofunan a gyara waya, na ja wayar na ji ba za ta tsinke yau ko gobe ba. Na bar shi a kaina har na ci goro muka yi hira, bai ciji kunnena ba.

“Wanga nike so.”

“Malam, ka dai ce rowa. Wanga na yara ne.”

“Naɗe mini shi.”

Daga ranar bai rabu da kaina ba. Da shi nake jin labarai, da shi nake jin waƙoƙin da ake sawa a rediyo, ina gyara ina saurare, sai in cire in ji yadda waƙar ke fita ta bakin rediyon, in maida. So nake kunnena ya san halinsa kamar yadda mahayi ke sanin jakinsa. Matata ta ce ta gaji da kiran kurma cin tuwo.

Ana nan kasat ɗin Mushe ta fito. Ba a yi wata ba direbobi suka fara dawo da ita kantin Alhaji. Wani ɗan ci-rani daga wajen Alela ya saye ta don an ce masa an ambaci ubansa a ciki. Ya ji ta tun daga farko har ƙarshe bayan kaminyo, babbar motar kaya, ganga kawai ya ji da wani abu kamar kukan sauro. Mushe ya saba da kiɗan rawa na Yamai, ya zaci ganga ake saye. Bai san mutanenmu suna suke saye ba. Mutum na can nesa yana dako, so yake ya ji an kira ƙauyensu, an kira tsohonsa, ya kunna wa abokan ɗaki su ma su ji.

Tsohon mawaƙin da kansa ya biyo ta rumfata, ya zauna kan benci ya ce, “Ɗana, an rufe mini baki ina da rai.”

Na ce, “Baba, ba ni na rufe ba.”

Washegari sai ga Alhaji. Na bar shi tsaye a rana ina ɗaure wata waya da ba ta bukatar ɗauri. Da na ɗago na ce zan yi, amma in na gama ba a zaurensa za mu saurara ba, a tasha za mu saurara, cikin mota, inji na aiki. Ya ce duk yadda na ce.

Muka yi ɗaukar ƙarƙashin itacen bedi bayan gidansa. Na matsar da makaɗa taku uku baya. Babban nasu, wanda ya yi mini dariya, ya ce shi bai saba zama bayan kowa ba. Na ce ya saba yau. Hannuna na kan maɓallin ganga, duk sanda tsohon ya ja numfashi zai shiga sunaye sai in sauke ta kaɗan, in ya gama in sake ta. In suna ya ɓace mini a abin kunne, sai in ɗaga hannu a sake baitin. Sau huɗu muka sake wani. Tsohon bai yi fushi ba, murmushi ma yake.

Bayan azahar muka tafi tasha. Wani direba mai lodin albasa daga wajen Malbaza ya yarda, ya tada inji, ya sa kasat a rediyonsa mai tsagaggen baki. Ganga ta shiga. Sai muryar tsohon ta hau bisanta, ta hau bisa ƙarar inji, suna bayan suna. Wani ƙaton ɗan dako da buhu a kafaɗa ya tsaya cak. Ya jefar da buhun.

“Ubana ne! Wallahi ubana ya kira! Maida baya, direba, maida baya!”

Aka maida. Mutane suka yanyame motar, kowa na jiran ƙauyensu. Tsohon ya kama hannuna ya ɗaga sama gaban tasha duka. Alhaji ya yi ta gyara hula. Daga shekarar, duk mawaƙin da ke son kasat tsakanin Konni da Illela, rumfata yake tambaya.

Mushe bai zo tasha ranar ba. Sai bayan girbi ya ɓullo, da baƙin abinsa naɗe cikin jarida. Kunne ɗaya ya mutu, kuma duk garin ba mai iya buɗe shi sai ni. Ya tsaya bakin rumfa yana kallon gefe.

“Abokina, ko za ka duba mini wanga?”

Na karɓa, na kwance, waya ce ta tsinke ciki. Na liƙe ta, na gwada, na miƙa masa. Sannan na cire nawa daga kai na aje kan tebur don ya gan shi da kyau, na ce:

“Ga abinka, ya gyaru. Ka je ka ji daɗinka kai ɗaya, don abin da ya iya ke nan. Kai ba ka taɓa zama bayan kaminyo bisa buhun albasa kana jiran a kira sunan ubanka ba, shi ya sa ka binne tsoho ƙarƙashin ganga kana gyaɗa kai. Ranar da ka fizge mini abu daga kunne gaban mutane, ka ce aikin masu karatu ne. To, ga ka tsaye bakin rumfar ɗan aji huɗu da jarida a hannu. Ban manta ba, kuma ba ni mantawa. Yanzu matsa, ka tare mini haske.”